Hoton Keke da Masu Keke a Cikin Gari: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara nuna wa mutane hotunan masu keke da nake ɗauka a titunan Kano, tambayoyi ba su yanke mini ba. Wasu daga matasa ne masu son koyon aikin hoto, wasu kuma daga mutanen da suka tsaya a kan hoton wani dattijo da buhu a kariya, suka ce ya tuna masu da mahaifinsu. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, tare da amsar da tsayuwar bakin titi ta koya mini. Kano na fi sani, ita za ku fi jin sunanta, amma mutumin Zariya ko Katsina ko Damagaram zai ga garinsu a ciki.

Duk abubuwan da ke cikin gari, me ya sa sai keke?

Ranar Hawan Daushe, masu kyamara ba su ƙirguwa a Ƙofar Kudu. Kowane doki sai an ɗauke shi ta gaba da ta baya, kuma ya cancanta. To amma idan hawa ya ƙare aka kwance sirdi, wa ke ɗaukar garin a sauran kwanakin shekara? Mai biredi da akwatinsa tun kafin gari ya waye. Mai wanki da guga da ƙunshin kayan mutane. Mai kayan miya da ya ɗauro alayyahu yana sauri kada rana ta taɓa shi kafin ya isa 'Yankaba. Birkila da cebur a ɗaure, malamin makarantar allo, mai askirim, ɗan gwangwan, ɗalibi da ƙaninsa a goye. Duk a kan keke suke, kuma da wuya ka tarar da hotonsu a bangon ɗakin kowa.

Wannan ne ke damuna. Tambayi dattawan gidanku yadda keken aure ko keken malamin firamare yake a zamaninsu, za su kwatanta maka da baki har da launin sirdi, amma hoton babu. Abin da ake gani kullum shi ake mantawa a ajiye, sai ya ɓace a fara cigiya.

Sannan keke yana ba da labarin halin da gari ke ciki. Da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri a watan Yulin 2011, jama'a da yawa keke suka koma. Da aka hana goyo a babur a Kano a watan Janairun 2013, titi ya sake kama, A Daidaita Sahu ta cika ko'ina, mai keke ya koma yana neman 'yar hanyarsa a tsakaninsu. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsohon keke. Wanda ya riƙa ɗaukar hoto a mahaɗa guda cikin waɗannan shekaru, ai tarihin garin ne a hannunsa.

Ba ni da babbar kyamara, waya ce kawai. Za ta yi?

Za ta yi. A bakin titi ma ta fi babbar kyamara wani abu: ba ta tsorata mutane, ba ta tara maka yara, ba ta sa a ɗauke ka ɗan jarida ko jami'in gwamnati.

Abu uku za ka kiyaye. Ka goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi kafin ka fara, domin maiƙon yatsa da ƙura su ne rabin abin da ke sa hoto ya yi hayaƙi-hayaƙi. Kada ka riƙa zuƙo hoto da yatsu biyu, yawancin wayoyi yanko tsakiya kawai suke yi su buɗa shi, sai ya farfashe. Ka matsa da ƙafarka. Na uku, ka nemi yadda wayarka ke ɗauka a jere, wato ka danne ta watso hotuna goma ko ashirin a ƙiftawar ido. A cikinsu za ka sami guda da ƙafa ta zauna daidai a feda, fuska kuma ta juyo.

Idan kuwa kana da kyamara mai sauya gilashi, gajeren gilashi mai lamba 35mm ko 50mm ya ishe ka. Dogon gilashi yana sa mutum ya riƙa laɓewa daga nesa kamar maharbi, hoton kuma yakan fito da wannan nisa a jikinsa.

Wane lokaci ya fi kyau a fita?

Daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe 8:30, sai kuma daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. A lokutan nan rana tana ƙasa, haskenta na shigowa ta gefe, yana bin wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya, inuwar keke kuma ta miƙe a kwalta har ta fi keken tsawo. Wani lokaci inuwar ma ita ce hoton.

Sa'a ce kuma babba cewa lokacin da haske ya fi kyau shi ne lokacin da masu keke suka fi yawa. Da safe daga ƙauyukan gefen gari ake shigowa da kaya niƙi-niƙi, fuskoki a ɗaure, kowa na sauri. Da yamma kariya ta zama fayau ko an ɗaura cefane, tuƙi ya yi sanyi, abokai biyu su jera suna hira. Ni hotunan yamma sun fi kwanta mini.

Da tsakar rana, hula da rawani suna jefa inuwa a kan ido, farar riga kuma ta ƙone ta zama fili ba zare ba aiki. Idan dole ne, ka nemi gindin darbejiya ko rumfar mai faci, ka taɓa fuskar mutumin a allon waya don ta auna haske daga nan.

Kullum mai keken sai ya fito dishi-dishi. Mene ne laifina?

Kyamara tana da ƙifta kamar ido: ta buɗe, haske ya shiga, ta rufe. Duk motsin da aka yi tana buɗe, sai ya shafe a hoto. Mai keke da ke tafiyar kilomita 15 a awa yana cin fiye da mita 4 a daƙiƙa guda. Idan ƙiftar ta ɗauki kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa, ya riga ya matsa kusan santimita 14, tsawon tafin hannu ke nan. Idan kashi ɗaya cikin 500 ne, bai kai santimita ɗaya ba. Shi ya sa mai son tsayar da keke cak yake sa 1/500, idan kuma yara ne ke tsere a gangara, 1/1000.

A waya, ka shiga wurin da aka rubuta Pro, ka nemi harafin S ko alamar saurin ƙifta, ka sa lambar da kanka, ka bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, ya daidaita kansa. Wayar da ba ta da wannan, da rana tsaka ba matsala, ita da kanta take sauri. Da duhu ya fara ne take jan ƙafa.

Ka lura kuma, wanda ke tahowa yana fuskantarka ya fi sauƙin kamawa a kan wanda ke gilmawa ta gabanka. Mai koyo ya fara da na farko.

To yaya ake yin irin hoton nan da mai keke ya fito tas, bayansa kuma ya share kamar iska ta ja shi?

Wannan ni rakiya nake kiransa, domin raka mai keken kake yi da kyamara. Maimakon ka sa ƙifta ta yi sauri, sai ka rage ta zuwa 1/30 ko 1/60. Ka tsaya ƙafafu a buɗe, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Tun yana nesa ka kama shi, ka riƙa juyawa daga ƙugu, ba daga wuyan hannu ba, kana binsa daidai saurinsa. Ya zo saitinka sai ka danna, kuma kada ka tsaya, ka ci gaba da rakiya har ya wuce. Tsayawa a lokacin dannawa ita ce kuskuren da kowa ke yi.

Tunda kana tafiya tare da shi, a wurin kyamara kamar bai motsa ba. Bango da shaguna da motoci su ne suka gudu. Yana buƙatar baya mai tarkace da launi, kamar jerin shagunan atamfa, ko A Daidaita Sahu masu ruwan ɗorawa a jere. Idan farin bango ne ko sarari, ba abin da zai share.

Kada ka karaya idan ka ɗauki talatin ka sami ɗaya. Haka abin yake ga kowa. Da hasken rana mai ƙarfi kuma 1/30 zai sa hoto ya yi fari fat, sai ka bari sai yamma ko ka nemi titi mai inuwa.

A ina zan tsaya? Ko in riƙa yawo ina neman su?

Kada ka bi keke, ka bari keke ya same ka. Ka fara neman wurin da ko ba kowa a cikinsa zai yi kyau: bakin ƙofar gari, ragowar ganuwa, lungu mai katangar ƙasa da haske ya tsaga shi biyu, bangon da aka yi wa zanen talla. Ka daidaita hotonka, ka bar gurbin da kake so keke ya shiga, ka jira. Minti goma, minti ashirin. Zai zo.

Ɗaya daga cikin sanannun hotunan keke a duniya haka yake. Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson ya ɗauke shi a garin Hyères na kudancin Faransa a 1932, daga saman wata matattakala mai lanƙwasa, mai keke na gilmawa ta titin ƙasa. Mai keken ma bai fito tas ba, amma ya faɗo daidai gurbin da matattakalar ta bar masa. Duk lungun cikin birni da ke da bene ko tudu zai iya ba ka irin wannan. Ka roƙi mai shago ya bar ka ka hau sama. Daga can ake ganin kayan da ke kan kariya yadda aka tsara su.

Tsayuwa wuri guda tana da wani amfanin da ya fi na hoto. Mai shayin wurin da mai faci za su saba da kai. Ran farko kallonka za a yi, ran na uku a matsa maka benci, bayan mako guda su ne za su riƙa gaya maka cewa mai kajin nan da kake jira ƙarfe bakwai yake wucewa.

Wani lokaci kuma ka durƙusa. Daga tsawon gwiwa, keke yana cika ido, mai shi kuma ya yi kwarjini kamar mahayin doki.

Sai na nemi izini kafin in ɗauki mutum?

Ga yadda nake yi. Idan titi nake ɗauka gaba ɗayansa, mai keke yana cikin jama'a, ba shi kaɗai aka nufa ba, ba na tsayar da kowa. Amma ba na ɓoye kyamara, kuma duk wanda ya ɗaga mini hannu alamar a'a, na sauke. Idan kuwa fuskar mutum ce hoton, har wanda ya san shi zai ce ga wane, to sai da yardarsa. In ya riga ya wuce na ɗauka, kuma ya tsaya a kusa, nakan bi shi in nuna masa. Ya ce a goge, a gabansa nake gogewa, ko da shi ne hoton da ya fi kyau a ranar.

Neman izinin ma akwai yadda ake yi. Ba a fara wa dattijo da maganar hoto. Sallama tukuna, a gaisa sosai, a tambayi gida da kasuwa. Sannan nakan ce: “Baba, keken nan naku ya burge ni. Ni mai ɗaukar hoton kekuna ne, ko za ku ba ni dama in ɗauke ku da shi?” Idan sa'ana ne: “Malam, sannu da ƙoƙari, don Allah minti ɗaya.” Ka fara yabon keken da gaskiya, ka tambayi shekararsa nawa a hannunsa. Ban taɓa ganin mai tsohon keke da ba ya son a tambaye shi wannan ba.

Za a tambaye ka ina za ka kai hoton. Ka faɗi gaskiya. Idan Facebook ko Instagram za ka saka, ka ce haka, kada ka ce na ajiya ne kawai. Mutane suna da dalilin tsoro, sun ga yadda ake ɗaukar bawan Allah yana neman abincinsa a mayar da shi abin dariya a intanet. Akwai kuma wanda ba ya son hoto saboda fahimtarsa ta addini. Wannan ba wurin muhawara ba ne, ka yi masa godiya da fatan alheri, ku rabu lafiya.

Idan ya ce sai na biya fa?

Idan mai sayar da wani abu ne, nakan saya, domin na tsayar da shi a kan sana'arsa. Ba na son ciniki a kan hoto kamar ana sayen tumatir, yana ɓata wurin ga wanda zai zo bayana. Abin da ya fi kuɗi tasiri shi ne ka wanko hoton a kati ka kawo masa. Yawancin masu keke a hanya ɗaya suke wucewa kullum, samunsu ba wuya, ko ka bar wa mai shayi saƙo. Na taɓa kai wa wani mai itace nasa bayan mako biyu. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya cire hularsa ya sa hoton a ciki ya mayar.

Amma idan hoton talla za a yi da shi, ko wani kamfani zai saya, wannan magana ce dabam. A gaya masa, ya amince, a ba shi haƙƙinsa.

Mata da yara fa?

Yara kan keken haya ko keken yayansu da ƙafa ba ta kai feda ba, suna tuƙi ta ƙarƙashin sandar tsakiya, abin sha'awa ne ƙwarai. Duk da haka ba na ɗaukar fuskar yaro sai da sanin babba, kuma ba na saka hoton da ke nuna sunan makarantarsa ko ƙofar gidansu. Kada kuma ka ce wa yara su yi tsere ko su saki hannu don kai. Idan ɗaya ya faɗi, alhakin a wuyanka yake.

Mace kuwa, ba da yardarta ba, ba hoto. A garuruwanmu manyan mata kan keke ba su da yawa, ba kamar Wagadugu ba inda mata ke tuƙa shi zuwa kasuwa da goyo a baya. Saboda haka 'yar makarantar da ta hau keke a nan ta riga ta sha kallo, kada ka ƙara mata da naka. Wannan fage ne da 'yan'uwanmu mata masu ɗaukar hoto za su fi mu iyawa, kuma ina fatan su shige shi.

Wani ya ce mini irin hotunan nan tallar talauci ne. Gaskiya ne?

Zai iya zama haka, kuma daga mai ɗauka ne. Idan abin da idonka ya nema shi ne yagaggiyar riga da tsagaggiyar dunduniya, shi za ka samo. Idan kuwa ka ga gwaninta, ita za ta fito. Ka taɓa tsayawa ka duba yadda ake ɗaure jarka shida a keke guda da robar tsohon tiyub, nauyin dama ya yi daidai da na hagu? Ko yadda mai ɗauke da kara, wanda faɗinsa ya kai na ƙaramar mota, yake ratsa cunkoso ba ya taɓa kowa? Wannan ilimi ne, shekaru aka yi ana koyonsa.

Haka nan kekunan hannu masu taya uku na 'yan'uwanmu da shan-inna ta taɓa. A Kano su da kansu suke ƙera su a wurin waldarsu. Mai ɗaukar hoto zai iya tsayawa a kansu ya ɗauko abin tausayi daga sama. Zai kuma iya durƙusawa daidai fuska ya ɗauko maƙeri a kan abin da ya ƙera.

Ma'aunina ɗaya ne: idan ɗan mutumin nan ya ci karo da hoton a wayarsa, zai nuna wa abokansa ya ce ga babana, ko zai yi sauri ya wuce? In na yi shakka, ba na sakawa.

Keken da ke ajiye, ta wane gefe ake ɗaukarsa?

Ta gefen sarƙa, wato dama, kansa na kallon hannun damanka. Nan ne ake ganin yadda aka gina shi. Akwai ma wata sa'a: tunda a Nijeriya da Nijar ta hannun dama ake tuƙi, duk mai keken da ya wuce ta gefen titin da kake tsaye, gefen sarƙarsa ne ke kallonka.

Kada ka tsaya a hoton keke sukutum. Matsa kusa. Sirdin da aka naɗe da leda ko aka ɗinka masa rigar fata, madubi biyu ko huɗu, ƙararrawa, hannun birki da tafin mai shi ya goge har yana ƙyalli, addu'ar da aka rubuta a marfin taya na baya. Kowanne yana gaya maka wane ne mai keken tun ba ka gan shi ba. Keken da aka jingine a ƙofar masallaci lokacin azahar, ko a bakin zaure, shi ma hoton mutum ne.

Idan kuma mai shi zai tsaya da shi, bar shi ya riƙe yadda ya ga dama. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya yi tashe a shekarun 1950, yakan ɗauki mutane da rediyo ko babur ko keke, abin da suke alfahari a gan su da shi. Wannan alfaharin yana nan har gobe, za ka gan shi a yadda mutum ke gyara hula ya dafa sirdi.

Waɗanne irin kekuna zan sa wa ido?

Tsofaffin baƙaƙen nan masu birkin ƙarfe su ne na farko, domin suna ƙarewa. Raleigh daga Nottingham ta Ingila ya fito, ya yi suna a ƙasar nan har kamfanin ya kafa masana'antar haɗa shi a Kano, kuma dattawa har yanzu da girmamawa suke ambatonsa. Sai Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin, da Hero da Avon na Ludhiana a Indiya, waɗanda suka ɗauki kayan ƙauye da birni shekara da shekaru. Ka duba tambarin ƙarfe da ke goshin keken, ƙasan kai, ka ɗauke shi shi kaɗai.

Siffar nan tasu ba sabuwa ba ce. Tun 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai sarƙa zuwa tayar baya a Coventry ta Ingila, a 1888 kuma John Boyd Dunlop ya kawo tayar iska. Abin da ke ƙarƙashin mai biredin unguwarku bai yi nisa da wancan ba.

Yanzu kekunan gwanjo masu giya sun cika gari, matasa su suke so. Su ma a ɗauke su, musamman inda tsoho da sabo suka jeru a layi ɗaya.

Ina ne wuri mafi sauƙi ga mai fara koyo?

Wurin mai gyaran keke. Kekuna ne ke zuwa da kansu su tsaya, akwai inuwa, akwai hira. Ga keke an kifa shi ƙafa a sama, ga tiyub a cikin kwanon ruwa ana neman inda ƙwayar iska za ta ɓullo, ga yaron shago yana buga famfo, ga hannun maigida baƙi ƙirin da man giris yana ɗaure wayoyin taya yana juya ta yana kallo da ido ɗaya. Ka kai naka keken a yi maka faci ko a ɗaure birki, ka biya, ka zauna. Hoton hannu ka fara da shi kafin na fuska.

Hazo da damina ba sa ɓata aiki?

Hazo ni abokina ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu yakan tace rana, ya shafe tarkacen nesa, mai keke ya fito daga cikin fari a naɗe da rawani kamar zane. Illarsa ƙura: kada ka sauya gilashin kyamara a waje, kuma ka hure ƙurar kafin ka goge, in ba haka ba yashi zai karce shi.

Da damina, minti goma bayan ruwa ya ɗauke shi ne lokacin. Kwalta na ƙyalli, kududdufi ya zama madubi, ka sauke waya dab da ruwan ka sami keke biyu, ɗaya a sama ɗaya a kife. Leda mai kyau a aljihu ta isa kariya.

Da dare, ka tsaya inda fitilar titi ko ta mai shayi ke zuba, ka jira ya shigo cikin hasken. Kada ka haska wa mai tuƙi fitilar kyamara a ido, za ka iya jefa shi a kwata.

Akwai wuraren da zan guje wa?

Akwai. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, shingen bincike, gidan yari, filin jirgi, da ƙofar banki. Ko keken da ke wucewa ya kai kyau ina, bar shi ya wuce. Idan jami'i ya tambaye ka, ka yi magana a hankali, ka nuna masa hotunan, ka riƙe katin shaida a jikinka. A kasuwa kuma, gaisuwa ga shugabannin layi kafin ka fara tana kashe fitina tun ba ta taso ba.

Ƙwacen waya gaskiya ne, kada ka raina shi. Ka ba bango baya, ka sa wa wayar igiya a wuyan hannu, kada ka tsaya a gefen kwalta kana duba abin da ka ɗauka. In da hali ku fita ku biyu, kuma magariba ta yi maka a inda aka san ka.

Zan iya ɗauka ina kan nawa keken?

A'a. Keke ya kai ka wurin, ka sauka, ka jingine shi. Hannu ɗaya a kan keke, ido a waya, a titin da ba a ware wa keke hanya ba, ganganci ne da ranka da na wasu.

Mai launi ko baƙi da fari? Kuma gyara nawa ya halatta?

Idan launi ne ya tsayar da kai, jan barkono a kwando ko shuɗiyar riga a jikin jar katanga, bar shi da launinsa. Idan siffa ce da inuwa, baƙi da fari ya fi fito da ita. Gyara kuwa, a daidaita haske, a miƙe hoton da ya karkace, a yanke gefe. Ba na cire turakun lantarki ko ledar da ke ƙasa, ba na ƙara abin da babu. Kuma don Allah kada a yi wa fatar mutane bilicin da manhaja. Yadda Allah ya yi shi haka za a gan shi.

Bayan na ɗauka, me zan yi da su?

Ka rubuta wa kowane hoto rana da wuri da abin da aka ɗauko: “Ƙofar Na'isa, safiyar Talata, mai harawa.” Bayan shekara ashirin wannan layi ɗaya zai yi daraja kamar hoton. Sunan mutum kuwa sai in ya ce a sa.

Kada ka bar su a waya kaɗai, waya tana faɗuwa, ana sace ta. Ka ajiye kwafi a kwamfuta ko a ma'ajiyar intanet. Idan za ka tura ta WhatsApp don a wanke, ka tura shi a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse hoto ta rage masa kyau. Kafin ka saka wanda aka ɗauka a ƙofar gidan wani, ka kashe bayanin wuri da waya ke liƙa wa hoto.

Sannan ka zaɓa da tsanani. Cikin ɗari, biyar sun isa a nuna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018, kuma rana ce mai kyau ta fitar da su. Ba sai an kama zaure a otal ba. Igiya guda da 'yan maƙalai a rumfar mai facin da ka fara zama, hotuna goma sha biyu a kati, daga safe zuwa la'asar. Da yamma kowa ya cire nasa ya tafi da shi gida.